Yadda Ake Tsare Tsohon Daji a Ƙasar Kaduna: Wuta, Kututture da Iri

Tsohon daji iri biyu ne a ƙasar Kaduna, kuma maganin ɗaya yana iya zama ajalin ɗayan. Akwai dajin doka, wanda ya mamaye tudu: itatuwa a warwatse, rana na sauka har ƙasa, gamba na fin mutum tsawo da kaka. Doka ce ta fi yawa, sai maje, taura, baushe, ƙirya, kaɗanya, ɗorawa, madobiya da namijin kaɗe. Irin wannan ne a Kamuku ta ƙasar Birnin Gwari, wanda aka keɓe tun 1936 a matsayin gandun dajin En'e, aka mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 1,120. Sai kuma kurmi, mai bin bakin rafi da gindin dutse, irin na Kagoro da Nindam a wajen Kafanchan: duhu da tsakar rana, ƙasa a jiƙe, rimi da loko da malmo sun haɗe kai, igiyoyi na lilo. Dajin doka ya saba da wuta, ɓawon itatuwansa ma kauri ne da shi. Kurmi bai san ta ba.

Abin da ke tafe na kwamitin gari ne, ko ƙungiyar matasa, ko dagacin da ke da guntun tsohon daji a ƙasarsa ko yake maƙwabtaka da gandun gwamnati. Cikin gandun daji na ƙasa ba a tsinkar iri, ba a tonon saiwa, ba a kunna wuta sai da izinin hukumar gandun. Gandun jiha kuwa sai da takarda daga sashen kula da daji na ma'aikatar muhalli, kuma malamin dajin yankinku ne ƙofar shiga. Batun tsaro a dazukan Birnin Gwari ba ɓoyayye ba ne. Kada kowa ya shiga can don iri ko hoto ba tare da ma'aikatan wurin ba. Yawancin aikin nan ma a bakin gari ake yinsa.

Da an ce za a raya daji, hankalin mutane kan tafi ga sayen dashe. Dashe shi ne na ƙarshe a jerin, kuma shi ne mafi tsada da yawan asara. Tsohon daji rabinsa a ƙarƙashin ƙasa yake, cikin sayyu da kututturan da suka shekara da shekaru suna jiran a ƙyale su.

Ku fara da ƙidaya

Ku auna fili mai mita 20 a faɗi, 50 a tsawo, wato kashi ɗaya cikin goma na hekta, ku kafa dutse a kusurwoyi huɗu. Ku yi irinsa uku ko huɗu: ɗaya kusa da gari, ɗaya a tsakiya, ɗaya a bakin rafi. Kowace bishiyar da ta kai kaurin cinya a auna kewayenta da awon tela a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, daidai ƙirjin babban mutum, a rubuta sunanta, a sa mata lamba da fenti. Kada a buga ƙusa. Sannan a durƙusa a ƙirga ƙanana: masu kaurin yatsa, masu kaurin hannu, da kututturan da ke toho.

Ƙananan ne ke faɗin gaskiya. In kun tarar da manya tirim-tirim da tsirrai iya gwiwa, amma babu masu kaurin hannu a tsakani, to dajin yana haihuwa ne ana kashe masa 'ya'ya duk shekara, kuma wuta ce ko awaki. In babu ko tsirran na wani iri, a duba ko uwayen suna samun yin fure, domin bishiyar da ake saran rassanta duk rani ba ta yin 'ya'ya. Sai inda babu uwa, babu kututture, babu tsiro, a nan ne kaɗai dashe ya wajaba.

Wuta

Ba hana wuta ake nema a dajin doka ba, lokacinta ake zaɓa. An gwada wannan a Najeriya tun 1929 a gandun Olokemeji, tsakanin Ibadan da Abeokuta, inda aka raba fili uku: ɗaya ana ƙona shi da farkon rani, ɗaya da ƙarshen rani, ɗaya an kare shi ɗungurungum. Bayan kusan shekara talatin, wanda aka kare ya kama hanyar zama kurmi, na wutar farko ya riƙe itatuwansa da yawa, na wutar ƙarshe kuwa ya zama fili mai ciyawa da 'yan itatuwa masu taurin rai. Dalili a fili yake. A Nuwamba ciyawa na da sauran ruwa, wuta na rarrafe ne, ta tsallake nan ta ci can. A Fabrairu da Maris komai ya bushe ƙamas, iska na kaɗawa, itatuwa sun fara sabon ganye, harshen wuta na kaiwa rassa ya dafa abin da ke ƙarƙashin ɓawo.

Aikin farko shi ne layin tare wuta, kuma ana fara shi da ɗaukewar ruwa a Oktoba. A share hanyoyi biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowace faɗin mita 2, a kankare da fartanya har ƙasa ta fito fes. Tsakaninsu a bar mita 4 zuwa 8, a zuba ciyawar da aka share a nan tsakiya. Bayan mako ɗaya ko biyu, idan ta bushe, a ƙone tsakiyar. Kun sami fili maras abin ci ga wuta mai faɗin mita 8 zuwa 12 ba tare da kun nome shi duka ba. Mafi faɗin a yi shi ta arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa, da kuma ƙasan gangare, domin wuta ta fi gudu idan tana hawa tudu. Inda gamba ta yi mita biyu zuwa uku, layin mita 4 wasa ne: ciyawar na faɗowa ta yi wa wuta gada.

Ranar ƙonawa a sami mutum takwas zuwa goma. Ɗaya ne kawai ke riƙe da wuta. Saura na riƙe da ɗanyun rassa masu ganye don bugu, biyu kuma na goye da injin feshi mai lita 16 cike da ruwa, wanda aka wanke tas daga maganin ciyawa. A fara bayan la'asar sakaliya, lokacin da iska ta kwanta. A kunna daga gefen da iska ke nufa, don wutar ta riƙa tafiya tana fuskantar iska, a hankali. A ci mita hamsin, a kashe, a duba, sannan a ci gaba. In iska ta juya ko ta tashi, a kashe a koma gida, gobe ma rana ce.

Abubuwa biyu ne ke mayar da aikin nan banza. Na farko, gungumen da ke ci a ciki da busasshen kashin shanu: suna riƙe garwashi har gobe da rana, iska ta ɗauka ta jefa cikin dajin. A bi layin da safe a rufe su da ƙasa. Na biyu, ganyen da ke zuba a Disamba da Janairu ya sake shimfiɗe layin da kuka share. Sai an bi shi da manjagara ko tsintsiyar kara a tsakiyar Janairu, kafin mafarautan gafiya su fara yawo da ashana. Da yawa sukan yi aikin Oktoba da ƙwazo, su manta da na Janairu, dajin ya ƙone a Fabrairu, a ce layi ba ya aiki.

Cikin dajin kansa, wutar farko ana sa ta ne idan kan ciyawa ya yi rawaya amma gindinta na da sauran kore. Kada ku bi kwanan wata, ku bi ciyawar, domin Zariya na riga Kafanchan bushewa. Ku gwada a ɗan wuri: in harshen wutar bai wuce ƙugu ba, kuma ta mutu da kanta idan raɓa ta sauka, lokaci ya yi. In ta fi mutum tsayi tana ruri, kun makara; ku bar ta bana, ku dogara da layi. Ba a ƙone daji duka a shekara guda. A raba shi uku, ana juyawa.

Kurmi kuwa ba a sa masa wuta ko ta farko. A zagaye shi da layi kamar mita 10 daga bakinsa, a ƙone daga layin zuwa waje. Kada a share sarƙaƙiyar da ke bakin kurmi da sunan tsafta. Ita ke tare iska da rana, ita ke riƙe danshi a ciki. Tsofaffin itatuwa masu kogo kuma, ko a ina suke, a share musu ganye da ciyawa mita 2 kewaye da gindi. Wuta in ta shiga kogo, iska na shiga ta ƙasa ta fita ta sama kamar murhun maƙeri, bishiyar da ta girmi kakan kowa a garin sai ta ci kwanaki tana ci ta faɗi. Masu cin zuma da hayaƙi su ne kan gaba a wannan ɓarna, kuma amya biyar da aka rataya musu a bakin daji ta fi cin su tara aiki.

Wurin da aka yi dashe ko aka gyara kututture yana buƙatar shekara uku ba wuta. Amma ciyawar da ba ta ƙone ba tana taruwa, ranar da ta kama sai ta rama duka. Don haka a buɗe wa masu zana da jinka su yanke gamba a wurin a Oktoba da Nuwamba, kyauta. Sun sami ciyawa, kun rage wa wuta abinci.

Kututture

Doka, maje, taura, baushe, madobiya da jan yaro duk suna toho daga kututture ko daga saiwa. Abin da manomi ke sassabewa duk shekara yana kiransa ciyayi, sau da yawa bishiya ce mai tsohuwar saiwa da ta riga ta kai ga ruwa. Manoman Maraɗi sun farfaɗo da gonakinsu da wannan dabara tun shekarun 1980, kuma ƙasarmu ta fi tasu ruwa nesa ba kusa ba.

Kafin faɗuwar ruwa, a Afrilu ko Mayu, a duba kowane kututture a zaɓi toho uku zuwa biyar mafi miƙewa da ƙarfi. A fifita wanda ya fito daga ƙasa-ƙasa, kusa da gindi. Wanda ya fito daga saman kututture yakan ɓalle idan iskar farkon damina ta zo. A cire saura da adda mai kaifi, ana sara daga ƙasa zuwa sama, domin saran da aka yi daga sama yakan tsage ɓawo ya buɗe wa gara da ruɓa ƙofa. Waɗanda aka bari a rage musu rassan ƙasa har rabin tsayinsu, kada a wuce haka, in ba haka ba su yi siriri su tanƙware. A ɗaura jan ƙyalle don masu itacen girki su san an yi wa wannan alama. A dawo bayan wata uku zuwa huɗu a cire sabon tohon da ya fito. A shekara ta biyu ko ta uku a rage zuwa ɗaya ko biyu, abin da aka cire ya tafi murhu.

Iri

Inda dashe ya zama dole, irin da za a shuka daga dajin nan ko maƙwabcinsa ya kamata ya fito. Zaiti da malaina da tik suna da wurinsu, ga su nan a Afaka da Nimbia ana noman su don katako da turaku, amma ba a cike giɓin tsohon daji da su. Darbejiya ma in ta fara tsirowa cikin kurmi, daga 'ya'yan da jemagu da tsuntsaye ke kawowa, a tuge ta tun tana ƙarama.

A tattara iri daga uwaye aƙalla goma sha biyar, da tazarar taki ɗari tsakaninsu, domin na kusa da juna galibi dangi ne ko ma tohon saiwa ɗaya. Kada a kwashe fiye da kashi ɗaya cikin biyar na abin da bishiya ta yi. A zuba a buhun algarara ko jakar yadi; leda na sa iri gumi ya yi fumfuna cikin kwana biyu. Kafin a sha wahalar shuka, a ɗebi ƙwaya ashirin a yanka: mai rai cikinsa cike yake, fari ko ruwan madara, ba rami ba ƙura.

Maɗaci, madobiya da kawo su ne suka fi cancantar wahalarku. Madobiya ta sha sara saboda kasuwar katakon Sin har aka sa ta a jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, mai taƙaita cinikin tsirrai da dabbobin daji tsakanin ƙasashe, daga farkon 2017, kawo da maɗacin Afirka suka bi ta a taron 2022.

'Ya'yan maɗaci ƙwallo ne mai tauri, ruwan toka, da ke tsagewa gida huɗu daga tsakiyar rani zuwa bazara. Da kun ga na farko sun fara buɗe baki a sama, ku tsinko saura da gora ku shanya a tabarma, su buɗe da kansu. In kun jira, iska ta riga ku. Irin falle-falle ne, ruwan ƙasa, ba ya son ruwan zafi ko kaɗan, kuma ba ya ajiyuwa: bayan 'yan watanni a ɗaki yawancinsa ya mutu. A shuka shi sabo, zurfin santimita 1, ya fito cikin mako biyu zuwa uku. Babban abokin gabarsa tsutsa ce mai huda kan toho, ta kashe shi, bishiyar ta yi rassa barkatai maimakon ta miƙe. Ta fi samun dama inda aka jera maɗaci zalla a fili. A warwatsa shi cikin wasu itatuwa, inda yake samun 'yar inuwa, kuma in ta huda, a bar toho ɗaya mafi ƙarfi a cire saura.

Madobiya ba ta ɓuya da hunturu: ta zubar da ganye ta rufe da fure rawaya. Makonni bayan haka sai 'ya'yan, kowane da fiffike zagaye da ƙayoyi a tsakiya. A yanke fiffiken da almakashi, a jiƙa a ruwan sanyi kwana ɗaya, a shuka a kwance. Tana fitowa da wuri, amma babu abin da akuya ke so kamarta.

Kawo kwansonsa baƙi ne mai tauri, irin kuma baƙi wul da hula ruwan lemo a kai. A ɓamɓare hular, domin ita ke jawo tururuwa da ruɓa. A goga gefen irin a dutse ko magagari har farin ciki ya ɗan leƙo, ta ɓangaren da ke nesa da inda hular take, a jiƙa kwana ɗaya. Wanda ya taso kan ruwa ko yake da hudar ƙwaro a zubar. Ɓera da kurege na tono shi daga leda, don haka a rufe da ragar waya har ya yi ganye huɗu.

Ɗorawa da ƙirya fatar irinsu ba ta shan ruwa. A tafasa ruwa, a sauke daga wuta, a zuba a kan irin, ruwan ya ninka irin sau huɗu ko biyar, a bar shi ya huce a ciki har kwana ɗaya. Ba a dafa iri a kan wuta. Wanda ya kumbura a shuka shi a ranar. In ya sake bushewa ya mutu. Wanda bai kumbura ba a ɗan ciza gefensa da abin yankan farce a sake jiƙawa.

Kaɗanya a shuka ta kai tsaye a inda za ta zauna, cikin mako guda da faɗowarta, ƙwaya uku a rami, zurfin santimita 5, a kafa turke a wurin. Saiwa take fara yi, kai kuwa yana iya ɗaukar watanni bai leƙo ba, sai a ɗauka ta mutu a nome wurin. Sai ta shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Marke kada ku ɓata lokaci da irinsa, yawancinsa fanko ne. Ku kare tsirran da suka fito da kansu.

Doka ita ce mai wuyar sha'ani. Kwansonta na fashewa da ƙara ya watsa iri, irin kuma ba ya jimawa da rai, sai a tsince a shuka nan da nan. Sannan saiwarta na zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da wani nau'in naman kaza da ke cikin ƙasa: shi yana jawo mata ruwa da sinadarai, ita tana ba shi abinci. Shi ya sa naman kaza ke yawa a gindin doka da damina. Kawo ma haka yake. Dashen da aka rena a ƙasar gona zalla yakan tsaya cak ya yi rawaya, a yi ta zuba masa taki a banza. A ɗebo ƙasar sama daga gindin lafiyayyun uwaye, kaɗan-kaɗan daga wurare da yawa, kada a shanya ta a rana, a sa cikin hannu ɗaya a kowace leda.

Reno da dashe

Itatuwan nan masu doguwar saiwa ne, ledar ruwan sha ta yi musu kaɗan. A nemi baƙar leda mai faɗin santimita 15 da tsawon 30, mai huda a gindi. Ƙasa: kashi biyu ƙasar sama, ɗaya yashi, ɗaya ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki na ƙone saiwa ya kira gara. A jera a ƙarƙashin rumfar zana mai barin rabin rana ta shiga. Butar ban ruwa mai lita 10 na isar leda tamanin zuwa ɗari, safe da yamma a lokacin zafi. In tsirrai suka fara ruɓewa daidai wuyan ƙasa suna kifewa, ruwa da inuwa ne suka yi yawa: a cire waɗanda suka kamu, a daina ban ruwan yamma, a rage zana.

Duk mako biyu zuwa uku a ɗaga kowace leda a yanke saiwar da ta ɓullo ta gindi. In aka bari ta kama ƙasa, dashen zai yi kyau a ido, ranar ɗauka a tsinke masa uwar saiwa, ya mutu a daji cikin mako. Saura wata ɗaya a dasa, a janye rumfa a hankali, a rage ruwa zuwa sau ɗaya.

A dasa daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Yuli, bayan ruwa ya zauna. Dashen Satumba, irin na bikin da ake gayyatar manya, hunturu ne ke cinye shi. Rami santimita 40 kowane gefe, ƙasar sama ta fara komawa. A yanke gindin leda kamar santimita 2 da wuƙa don cire saiwar da ta nannaɗe, a tsage ledar a cire ta duka, a dasa daidai zurfin da yake a leda, a taka. Tazarar mita 4 zuwa 5 ta isa a cikin giɓi. A nome mita ɗaya kewaye da shi sau biyu a damina, a rufe gindin da ciyawa amma kada ta taɓa jikinsa, a barbaɗa toka saboda gara, a kewaye da ƙaya. A ajiye kashi ɗaya cikin huɗu na dashen a gida don cike gurbin waɗanda suka mutu kafin tsakiyar Agusta.

Sassaƙe, saiwa da tsirran da ba a cika gani ba

Masu magani ba za su daina shiga daji ba, kuma su suka fi kowa sanin inda kowane tsiro yake, don haka a jawo su cikin kwamiti. Abincin da ganye ke haɗawa ta ƙarƙashin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. Bishiyar da aka sassaƙe zagaye tana nan kore shar har shekara ɗaya ko biyu, saiwa na mutuwa da yunwa, sai a wayi gari ta bushe ba a san mafari ba. Sassaƙen maɗaci ko ararrabi a yi shi a tsaye, faɗin yatsu uku, tsawon kamu biyu, kada jimillarsa ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na kewayen bishiya, kada a kankare har itace, kuma kada a sake taɓa ta sai raunin ya haɗe. Sanya, wadda ake kira uwar magunguna, saiwarta ake nema, kuma renonta a leda wuya ne da shi. A tona gefe ɗaya, a yanki saiwar gefe guda, a bar ta tsakiya, a mayar da ƙasa. Saiwar tana da dafi in ta yi yawa.

Tsirran da suka fi ƙaranci ba itatuwa ba ne. Masu albasa ne a ƙasa, dangin gadali da furannin ƙasa da ake kira okid, waɗanda ke fure na 'yan kwanaki bayan ruwan farko, daga Afrilu zuwa Yuni, sannan su ɓace cikin ciyawa. Wanda ya zagaya daji a Disamba kaɗai zai rantse babu su. A zagaya duk mako biyu a farkon damina, musamman kan marmara, gefen fadama da tsagin duwatsu. A cikin kurmi kuma akwai masu zama a kan reshe da sayyunsu a waje, suna shan raɓa da ruwan sama. Waɗannan ba kauci ba ne, ba sa tsotsar bishiya, a bar su. Kauci shi ne wanda ya huda reshe ya kumbura shi, kuma in ya yi wa kaɗanya yawa a yanke reshen kamu biyu ƙasa da kumburin.

In an ga baƙon tsiro, hoto ake ɗauka, ba a tugewa: tsiron duka, ganye gaba da baya, fure daga kusa, 'ya'ya in akwai, da biro a gefe don a gane girma. A rubuta rana da wuri a littafin kwamiti, a kai hotunan ma'ajiyar busassun tsirrai ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko Kwalejin Gandun Daji ta Afaka a tambaya. Kada a sa ainihin wurin a Facebook. Masu haƙa ma suna da waya.

Makiyaya

A Maris da Afrilu, lokacin da ciyawa ta ƙare, ganyen kawo, maɗaci da madobiya ne ke riƙe shanu, kuma dokar hana sara kwata-kwata ba ta wuce ranar da aka yi ta. A zauna da arɗo da sarkin dawa a gaban mai gari tun Disamba, kafin yunwa ta matsa, a tsayar da abu uku. Uwayen iri da aka zagaya wa farin fenti ba a taɓa su. Sauran ba a sare kansu, ba a cire fiye da rabin rassa, kuma wadda aka sara bana sai ta huta shekara biyu. Wurin dashe da kututture a rufe yake har tohon ya fi ƙarfin bakin saniya, kamar mita biyu da rabi, a madadinsa kuma a buɗe musu sashen da aka yi wa wutar farko, inda sabuwar ciyawa ke fitowa. A bar burtali zuwa mashaya a buɗe, a nuna iyakarsa da fenti a jikin itatuwa.

Duk Nuwamba a koma filayen ƙidayar nan da awon tela da littafi, a sake auna masu lamba, a sake ƙirga masu kaurin hannu. In adadinsu bai ƙaru ba bayan damina uku, a binciki ranar da wuta ta shiga sashen da kuma inda awaki ke ratsawa kafin a kashe ko sisi a kan sabon dashe.